Mai Zaman Baya Ita Ta San Inda Babur Ke Ciwo

'Yan uwana mata, uwargida da amarya, har da ke budurwa mai jiran ranarki. Na san da yawanku da kun ji an ambaci babur za ku ce, yo ina ruwan biri da gada? Babur ai kayan maza ne, su suka saya, su ke tuƙawa, su ke kai shi wurin bakanike, mu namu tukunya da tsintsiya. To ki ɗan dakata 'yar uwa, ki amsa mani wannan tambaya tsakaninki da Allah. Ranar awo a kan me kike tafiya? Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi me ya kai ku asibiti? Biki, suna, ta'aziyya, ganin gida, duk a bayan me kike zama? Idan amsarki babur ce, to ruwanki ne dumu-dumu, domin Hausawa sun ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

Mu nan Karofi ta ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, da 'yan uwanmu na ƙauyukan Kurfi, babur ya daɗe da karɓe aikin jaki da na raƙumi da na mota baki ɗaya. Iyayenmu sun ga zamanin Vespa da Honda da Suzuki, lokacin da ba kowa ke da shi ba sai malamin makaranta da malamin gona, har in an ji ƙararsa yara su fito kallo. Daga baya Jincheng na ƙasar Sin ya shigo da araharsa, sannan Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ya zo ya cika gari. Da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, samarinmu da dama suka sami abin yi da ɗaukar ɗalibai da ma'aikata. Da gwamnatin Kano ta hana haya da babur a watan Janairun 2013, masu sana'ar da yawa suka koma Adaidaita Sahu, wasu kuma suka watsu garuruwa da baburansu. Yanzu kam gidan da babu babur, to akwai na maƙwabci da ake aro. Shi ke ɗauko kwandunan tumatir daga wurin masu noman rani na Dam ɗin Zobe, shi ke kai buhun masara kasuwa, shi ke kai amarya, shi kuma ke kai mai naƙuda Babban Asibitin Dutsin-Ma.

Abin da nake so mu duba yau wani ɗan wuri ne a jikin wannan babur, wurin da ido ba ya gani, kuma ba a tuna shi sai ya yi ɓarna. Gobe da safe kafin maigida ya fita, ki tsuguna ki dubi tayar baya da kyau. Za ki ga ba a jikin babur ɗin aka kafe ta ba. Wani ƙarfe ne mai hannu biyu ya rungume ta, hannu ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, sai hannayen suka miƙe gaba suka haɗe a bayan inji. A wannan mahaɗa akwai wata doguwar ƙusa mai noti da ta ratsa gangar jikin babur daga wannan gefe zuwa wancan, a kanta ƙarfen ke lilo sama da ƙasa duk lokacin da taya ta faɗa rami ko ta hau tudu. Ni dai ƙugun babur nake ce wa wurin, don aikinsa ke nan. Tsakanin ƙusar da ƙarfen akwai wasu 'yan zobba da makanikai ke kira bushin, a manyan babura kuma boris ne mai siraran ƙarafa kamar allurai jere a ciki. Daga ƙarshen hannayen nan biyu kuma shokazoba ta tashi, wadda aka fi kira shoka, mai sifirin a jikinta, ta tokare ƙarƙashin kujera. Ita ma sama da ƙasanta akwai 'yan bushin nata.

To 'yar uwa, wa ke zaune daidai bisa wannan wuri? Mai tuƙi yana can gaba kusa da tanki, hannunsa a kan kan babur, idonsa a kan hanya, iska na kaɗa masa kunne. Ke ce ke bisa shoka, ke ce ke bisa tayar baya, sau da yawa ma da goyo a bayanki da wani cikin a gabanki. Duk wata girgiza da ƙugun nan ya kasa shanyewa, a ƙugunki take sauka. Shi ya sa na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mai zaman baya kuma ita ta san inda babur ke ciwo.

Ƙarfe biyu in suna gugar juna dare da rana, dole a sa masu wani abu a tsakani, in ba haka ba su cinye juna. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Wadda ke da keken ɗinki ta san ranar da ta yi kwanaki ba ta ɗiga masa mai ba, sai ya yi nauyi a ƙafa, ya riƙa tsinka zare, yana ƙara kamar ana yanka shi. Mai injin markaɗe ma ta sani. Abin da ƙugun babur ke so shi ne giris. Shi giris ba wani abin mamaki ba ne, mai ne aka dama shi da wani irin sabulu har ya yi kauri, sabulun ya riƙe man kamar yadda soso ke riƙe ruwa, yana sakinsa kaɗan-kaɗan a inda ake guga. Kaurin nan kuma shi ke toshe ƙofa, ya hana ruwa da ƙura shiga. Muddin yana ciki, ƙarfe ba ya taɓa ɗan uwansa.

Sai dai a ƙasarmu giris na da abokan gaba har uku. Na farko ruwa. Da damina ta kankama, hanyoyinmu na ƙauye sai rafi da taɓo, a ratsa wannan mashigi a faɗa wancan, ruwa har ya kai ga inji. Ga kuma masu wankin babur da injin feshi, yaro ya saita bakin tiyo daidai mahaɗar nan yana jin daɗin laka na fita, bai san yana kore giris yana cusa ruwa a madadinsa ba. Ruwa in ya kwana a ciki, tsatsa ta samu gida. Na biyu ƙura da rairayi. Hunturu na shigowa, ƙurar nan mai laushi kamar gari sai ta bi kowace kafa ta shiga, ta gauraya da ɗan sauran giris ɗin da ya rage. Kin san yadda muke haɗa toka da yashi mu goge bayan tukunya har ta yi ƙyalli? To haka wannan haɗi yake yi wa ƙusa da bushin, yana goge su a hankali har su rame. Na uku kuma lodi. Babur ɗin da aka ƙera don mutum biyu, sai ki ga an ɗora masa buhu biyu na masara mai kilo 100 kowane, mai shi ya hau, wani ya ɗane sama. A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Katsina, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ta sa dokar hana mutum uku hawa babur ɗaya. Don tsaro aka yi dokar a lokacin, amma da ƙugun babur na da baki, da shi zai fara yin godiya.

Su kansu masu ƙera babura sun san halinmu. A 1974 kamfanin Honda na ƙasar Japan ya tura ma'aikatansa su zagaya ƙasashe masu tasowa su ga yadda ake amfani da babur. Suka tarar da iyali guda a kan babur ɗaya da kayansu, ga shi ba a yin juyen mai sai ya koma baƙi ƙirin. Da suka koma gida sai suka ƙera CG125, suka fito da shi a 1975, da inji mai haƙuri da rashin kulawa. Yawancin baburan da ke yawo a ƙauyukanmu irin wannan haƙurin gare su, shi ya sa mazanmu suka saki jiki. Inji na tashi da bugu ɗaya, to ai shi ke nan, lafiya lau. Amma haƙurin inji bai shafi ƙugu ba. Inji yana iya kaɗawa garau alhali ƙasa ta riga ta ruɓe.

Ga alamun da ke mai zaman baya za ki ji tun kafin kowa. Idan an tashi ko an rage wuta, sai ki ji wani ƙwas a ƙarƙashinki, kamar an buga muciya a gindin turmi. Idan an hau kwalta ana gudu, sai ki ji bayan babur na kaɗa gindi hagu da dama, kamar gaba na tafiyarsa daban baya na tasa daban, ya fi tsanani in an zo kwana. A kan gargada kuma sai ki ji ƙiiƙii kamar tsohon ƙyaure. In an faɗa rami, maimakon kujera ta nutse ta dawo sau ɗaya ta tsaya, sai ta yi ta rawa da ke, ko kuma ta doke ki gaf har cikin ƙashin baya. Wani lokaci ba sai kin hau ba ma. In kika ga wani jan gari kamar na tsatsa yana fitowa daga bakin ƙusar nan, ko mai na tsiyaya a jikin shoka ƙura ta manne masa, ko tayar baya ta cinye ta gefe ɗaya ta bar ɗayan, ko kullum maigida na ɗaure sarƙa tana sake saki, to duk saƙo ɗaya suke kawowa.

Maganar sarƙar nan ita ce ta fi tayar mani da hankali. Sarƙar da ke ja da tayar baya, wadda makanikai ke ce wa cen, tana hawa ne bisa faranti biyu masu haƙora, ƙarami a jikin inji, babba a jikin taya. Dole su kasance a layi ɗaya. Da zarar ƙugu ya fara girgiɗi, taya ta karkace, layin ya ɓaci, sarƙa sai ta riƙa ɗamewa tana saki. Ranar da aka yi rashin sa'a sai ta zame daga haƙoran, in kuma ta cusa kanta tsakanin taya da ƙarfe, taya ta ƙame cak ana tsakar gudu. Wata maƙwabciyata haka ta same ta, da cikinta na wata bakwai, mijinta zai kai ta awo. Allah ya taƙaita, ba gudu suke ba, kuma kan yashi suka zube, amma ta karye a hannu, ta yi wata biyu ba ta iya ɗaura zani da kanta, sai ɗiyarta ke yi mata daka da wanki. Da muka je gaishe ta sai take ce mani, "Wallahi Yaya, tun kafin azumi nake jin babur ɗin nan na kaɗa gindi, to me zan ce? Kada a ce na cika baki." Maganar nan ta daɗe tana cina. Ta ji, ta gane, amma kunya ta rufe mata baki, ga shi ɗan hakin da aka raina ya tsone ido.

Ina da ƙane da ya yi shekaru yana koyon gyaran babur a Dutsin-Ma har aka yaye shi. Wata rana bayan an gama girbi ya zo gaishe mu, ya ɗan matsa bayan babur ɗin maigidana da hannu, sai ya girgiza kai ya ce, "Yaya, ba ni tsohuwar tasa da tsumma da kalanzir." Nan tsakar gida ya kafe shi bisa ƙafarsa ta tsakiya, ni kuwa na ja kujera ina tsince shinkafa ina kallo. Ya kwance sandar birki, ya zare tayar baya ya jingine, ya sauke sarƙa, ya kwance shoka biyu. Duk wannan bai ɗauke shi wani lokaci ba. Da ya zo kan doguwar ƙusar nan kuwa sai aiki ya tsaya. Noti ya fita, ƙusa ta ce ba inda za ta. Ya ɗiga mata kalanzir, ya jira, ya ɗora katako a kanta don kada bakinta ya baje, ya yi ta bugu da guduma a hankali yana gumi. Da ta fito, tabɗi! Ja wur da tsatsa, busasshiya ƙamas, tsakiyarta ta rame kamar taɓaryar da ta shekara goma ana daka da ita. Bushin ɗaya kuwa da ya taɓa shi sai ya marmashe a hannunsa.

Ya ɗaga mani ita ya ce, "Yaya kin ga abin da ke ɗauke da ke da yaranki." Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Abin da kaurinsa bai fi babban yatsa ba, shi ke riƙe da rabin babur.

Ya aika aka sayo sabuwar ƙusa da bushin. Ya wanke ramin tas da kalanzir har tsumma ya daina fitowa da baƙi, ya bar shi ya bushe, don wai giris ba ya kama jiƙaƙƙen wuri, kuma sabo bisa tsoho mai yashi ɓarnar kuɗi ce. Sannan ya shafe ƙusar da giris tun daga kai har gindi, ya mayar da 'yan marafan da ke tare ƙura, ya ɗaure noti daidai, bai bar shi sako-sako ba, bai kuma taka sifana da ƙafa ba kamar yadda wasu ke yi har ƙarfen ya kasa lilo. Kafin ya mayar da shoka sai ya ɗaga hannayen nan biyu sama ya sauke, ya ce in zo in gwada. Sumul, ba ƙara, ba tsayawa, ba rawa gefe. Ya mayar da komai, ya daidaita taya ta tsaya tsakiya, ya bar wa sarƙa ɗan saki kamar faɗin yatsu biyu, ya gwada birki. A nan ne ya ƙara mani wani ilimi, ya ce bushin iri-iri ne. Akwai na ƙarfe da boris mai allurai, waɗannan a cika su da giris. Akwai kuma na roba da aka manne da ƙarfe, irin wanda ke jikin shoka da ƙugun ƙananan babura da yawa, shi ba a shafa wa robarsa giris don mai na kumbura roba ya kashe ta. Ƙusarsa kaɗai ake shafa wa saboda tsatsa, in robar ta tsage kuwa ba ta da magani sai canji. Ya kuma nuna mani wasu 'yan matakai a gindin sifirin na shoka da ake murɗawa in za a ɗauki nauyi, ya ce dole dama da hagu su zama mataki ɗaya, in ba haka ba babur ya riƙa tafiya a karkace.

Na tambaye shi, to baƙin man da ake zubawa fa? Don na sha ganin wani bakanike, ba sai na faɗi ko wane ne ba, in an kai masa babur na ƙara sai ya ɗebo baƙin man da aka juye daga inji ya tsiyaya a bakin ƙusar, ƙara ta ɗauke, ya karɓi kuɗinsa, kowa na murna. Ƙanena ya yi dariya ya ce, "Wannan ai kamar a ba mai jin yunwa cingam ne." Baƙin mai ruwa ne, ba ya zama, kwana biyu ya tsiyaye. Ga shi cike da garin ƙarfen da ya kwaso daga inji, ga shi yana kiran ƙura. Ya rufe bakin ƙara, ciwo na nan na ci. Man gyaɗa ko man shanu ko basilin kuwa, ki bar su a inda aka san su, zafi na taɓa su za su narke su bi ƙasa. Araha dai ba ta ado.

Akwai gwajin da ke kanki za ki iya yi ko ki sa a yi a gabanki, ba ya cin ko sisi. A kashe babur, a kafe shi bisa ƙafarsa ta tsakiya yadda tayar baya za ta tashi daga ƙasa, wani ya riƙe kansa gam. Sai a kama ƙarshen hannayen ƙarfen nan, a tura hagu a ja dama da ƙarfi. Lafiyayye ko motsi ba ya yi ta gefe. In aka ji ƙwas-ƙwas, ko aka ga yana rawa a mahaɗa, to bushin ya tafi. In kuma ƙarfen na tsaye daram amma taya ce ke girgiɗi ita kaɗai idan an kama ta, to boris ɗin taya ne, shi ma ba abin wasa ba ne. Sannan a sauke babur a danna kujera da ƙarfi a saki, a ga ko za ta dawo sau ɗaya ta natsu. Wannan gwaji ya kamata a yi shi duk ranar da aka yi juyen mai. Buɗewa a wanke a sa giris kuwa, ni shawarata a yi shi ko da sau ɗaya ne a shekara, kuma babu lokacin da ya fi kaka. Damina ta gama wanke giris, hunturu bai riga ya kawo ƙurarsa ba, ga kuma ɗan kuɗin amfanin gona a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya, haka ba a gyaran babur daren da naƙuda ta tashi.

Na san inda gizo ke saƙa, wato kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, abin da maigida ya samo rabinsa tanki ke sha, ga cefane, ga kuɗin makaranta. Mai neman na lita ɗaya, in kika ce masa giris sai ya ga kamar kin raina wahalarsa. Amma mu mata ai mun fi kowa sanin lissafin tsaga. Zanin da ya ɗan yage, in kin ɗinke yau zare kaɗai kika kashe, in kin bari sai sabon zani. Haka abin yake a nan. Giris ya fi bushin araha. Bushin ya fi ƙusa da sarƙa da faranti da taya araha, domin ƙugu in ya lalace duk sai ya ja su sun mutu tare. In ramin ƙarfen kansa ya buɗe, sai sayen ƙarfen gaba ɗaya. Dukansu kuma in an tara ba su kai kuɗin ɗori ba, balle a ce an tura mutum Katsina ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ga jinya, ga zaman gida ba nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasuwa kowace shekara a haɗarin hanya, fiye da rabinsu kuma masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Ajali na hannun Allah, amma rigakafi ya fi magani.

Saura yadda za ki faɗa, don magana ma tana son nata giris ɗin. Namiji da babur ɗinsa sai a hankali, wani ya fi son ki kushe rigarsa da ki kushe abin hawansa. Kada ki tare shi a zaure gaban abokansa, kada ki faɗa yana shigowa da yunwa da gajiya, kada kuma ki bari sai kuna bisa hanya ki riƙa yi masa ihu a kunne. Ki bari ya ci ya sha ya miƙe ƙafa, sannan ki ce, "Baban yara, ni kuwa jiya da muna dawowa na ji bayan mashin ɗin nan na kaɗawa, har da wata ƙara a ƙarƙashina. Ko za a sa a duba bushin ɗin baya? Tsoro nake ji saboda kai, kullum kana bisa hanya." Zai yiwu ya yi dariya ya ce, "Ke kuma yaushe kika zama bakanike?" Sai ki yi murmushi ki ce, "Ni ba bakanike ba ce, amma ni ke zaune a wurin." In kina da hali, ranar da kika kwashi adashi ki ba yaro ya sayo ƙaramin gwangwanin giris ki ajiye masa kusa da makullinsa. Namiji mai hankali ba zai ga wannan ya ƙi ganewa ba. In kuna da abokiyar zama, ku haɗa baki a kan wannan ko da ba ku haɗa a kan komai ba, domin kujera ɗaya kuke hawa, rami kuma ba ya tambayar ranar girkin wa.

Ke kuma budurwa mai hawa acaɓa zuwa makaranta ko kasuwa, ki koyi kallon bayan babur kafin ki kalli fuskar mai shi. In kin ga shoka jiƙe da mai, sarƙa na reto ba murfi, taya ta karkace, ki ce masa Allah ya ba da sa'a ki jira wani. In kun riga kun tashi kika ji yana kaɗa gindi, ki ce ya tsaya ki sauka, kuɗinki ne kuma ranki ne. Kafin a tashi ki tattare hijabinki da bakin zaninki ki danne a cinya, kada ki bar ko ɗan lefe na lilo kusa da taya da sarƙa, don mata da yawa sun sha ƙasa ta wannan hanya. Ba rashin kunya ba ne mace ta ce a rage gudu.

Tun ranar da na ga ƙusar nan nake tunanin abubuwan da ke ɗauke da nauyi a ɓoye. Maigida na wanke tanki har ya ga fuskarsa, ya sa wa kujera sabuwar riga, ya liƙa wa fitila ado, amma wurin da ke shan wahalar duka ba ya samun ko kallo, saboda bai cika ƙorafi ba. A gidajenmu ma akwai masu irin wannan hali. Akwai tsohuwar da ke riƙe da jikoki ba ta taɓa cewa ta gaji ba, akwai ɗiyar riƙo mai tashi tun asuba, akwai ke kanki uwargida, da ciwon baya da kike dannewa shekara da shekaru don kada a ce kin cika raki. Mai haƙuri in ya fara kuka, to abin ya daɗe yana cinsa. Mu riƙa duba su tun ba su yi ƙara ba, mu ma in mun ji ciwo mu faɗa tun yana ƙarami.

Saboda haka 'yar uwa, kakar bana in an shigo da amfani gida, ana lissafin buhunan da za a ajiye da na sayarwa, ki sa baki a ware na ƙugun babur. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mana mazajenmu a bisa hanya, ya sauki masu ciki lafiya, ya kai mu inda za mu ya dawo da mu cikin iyalinmu lami lafiya, amin.